Filin Sukuwar Daka da Ƙuri'ar da Aka Ƙi Karɓa

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani batu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ba da labarin siyasar Pakistan da Bangaladash. Tun daga ranar 5 ga Agusta, 2024, da Firaminista Sheikh Hasina ta hau jirgi mai saukar ungulu ta bar birnin Daka zuwa Indiya, bayanin da na fi ji a bakin masu sharhi shi ne cewa rikicin guraben aikin gwamnati ne ya kifar da ita. Haka kuma duk sa'ad da aka taɓo zancen ɓallewar Bangaladash daga Pakistan a 1971, sai a taƙaita shi da cewa Indiya ce ta raba ƙasar Musulmi gida biyu. Kowanne daga cikin maganganun nan yana da ƙamshin gaskiya, amma sun tsallake jijiyar al'amarin, domin abin da ya tsaga bangon Pakistan har Indiya ta sami wurin shiga, kuma abin da ya kai Hasina ƙasa bayan shekara 53, abu ɗaya ne: masu riƙe da mulki sun ƙi yarda ƙuri'ar jama'a ta yi aikinta.

Akwai wani fili a tsakiyar Daka wanda a zamanin Turawa ake sukuwar dawaki a cikinsa, yau kuma ake kiransa Lambun Suhrawardy. Wanda ya bi tarihin wannan fili shi kaɗai zai fahimci rabin labarin. A ranar 21 ga Maris, 1948, watanni bakwai bayan Birtaniya ta raba Indiya ta tafi, Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya tsaya a wannan fili gaban ɗimbin jama'a ya shaida musu cewa Urdu ne kaɗai zai zama harshen hukuma a Pakistan. A lokacin ƙasar ɓangare biyu ce, Gabas da Yamma, da tazarar kusan kilomita 1,600 ta ƙasar Indiya a tsakaninsu, kuma fiye da rabin al'ummarta suna Gabas ne suna magana da Bangali, harshen da ke da nasa rubutu da tsohon adabi da mutanensa ke alfahari da shi, alhali waɗanda aka haifa da Urdu a baki ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mai hankali zai gane abin da wannan hukunci yake nufi ga ɗan manomin da ya yi karatu da Bangali yana fatan samun aikin akawu, domin jarrabawar shiga aiki da takardun ofis da rubutun da ke jikin kuɗi duk za su zo masa da harshen da bai iya ba. A ranar 21 ga Fabrairu, 1952, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka fito zanga-zanga kusa da Kwalejin Likitanci ta Daka, aka kashe matasa irin su Abul Barkat da Rafiquddin Ahmed da Abdul Jabbar. Wannan rana ce UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya, ko da yake da yawa cikin masu bikinta ba su san jinin da ya haife ta ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa mutanen Gabas ba su ɗauki makami ba a wancan lokaci, akwatin zaɓe suka nufa. A zaɓen lardi na 1954 haɗakar jam'iyyun adawa ta lashe kujeru 223 daga cikin 237 da aka ware wa Musulmi, jam'iyyar Muslim League wadda ta kafa Pakistan kuwa kujerunta ba su wuce goma ba, har Firimiyan lardin Nurul Amin ya sha kaye a mazaɓarsa a hannun wani matashi ɗan gwagwarmayar ɗalibai. Gwamnatin da A. K. Fazlul Huq ya kafa bayan wannan nasara ba ta cika wata biyu ba gwamnatin tsakiya ta rushe ta, ta tura Iskander Mirza ya riƙe lardin a matsayin gwamna. Karo na farko ke nan da aka nuna wa Bangalawa cewa yawansu ba zai amfane su da komai ba. Daga nan aka dunƙule lardunan Yamma aka mai da su lardi ɗaya a 1955 domin a daidaita kujerunsu da na Gabas, sannan a watan Oktoba 1958 Janar Ayub Khan ya karɓe mulki, al'amura suka koma hannun rundunar soja da manyan ma'aikatan gwamnati, wuraren da Bangalawa suke 'yan ƙalilan. Ramar da manoman Gabas suke nomawa a fadamunsu, wadda ake saƙa buhu da igiya da ita, ita ce kan gaba wajen kawo wa ƙasar kuɗin waje a shekarun farko, amma masana'antu da madatsun ruwa da sabon babban birni na Islamabad a Yamma aka gina su. Da yaƙi ya ɓarke da Indiya a 1965 kuwa, sai mutanen Gabas suka wayi gari suka ga kusan babu sojan da aka bari ya kare su.

Wannan ne ya sa Sheikh Mujibur Rahman, wato Mujib, jagoran jam'iyyar Awami League a Gabas, ya gabatar da buƙatunsa shida a Lahor a 1966, waɗanda jigonsu shi ne kowane ɓangare ya riƙe harajinsa da kuɗin wajen da ya samo, a bar wa gwamnatin tsakiya tsaro da harkokin waje. (Kalmar Sheikh a sunansa da na 'yarsa Hasina laƙabin gida ne, ba ta nufin malamin addini, kuma na ga wannan yana rikita masu karatu da dama.) Ayub ya amsa masa da kurkuku da tuhumar cin amanar ƙasa, amma boren jama'a ya tilasta aka janye ƙarar a Fabrairu 1969, kuma a wannan fili na sukuwa ne taron ɗalibai ya naɗa masa laƙabin Bangabandhu, wato aminin Bangal. Wata guda bayan haka Ayub ya miƙa mulki ga Janar Yahya Khan.

Dole a yaba wa Yahya da abu ɗaya, shi ne ya shirya zaɓen gama-gari na farko a tarihin ƙasar bisa ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, kuma zaɓen ya kasance mai tsabta. Makonni kaɗan kafin ranar, a daren 12 ga Nuwamba, 1970, mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta share tsibiran gaɓar Bangal, ta halaka mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 ko fiye, kuma sanyin jikin da gwamnatin soja ta nuna wajen kai agaji ya ƙara wa wutar fetur. A ranar 7 ga Disamba jam'iyyar Mujib ta Awami League ta lashe kujeru 160 daga cikin 162 na Gabas, da aka haɗa da kujerun mata ta tashi da 167 a majalisa mai kujeru 313, wato rinjayen da ya ishe ta kafa gwamnati ita kaɗai. Jam'iyyar Zulfikar Ali Bhutto ta PPP ta sami 81 daga cikin 138 na Yamma. Lissafin a fili yake, har Yahya da bakinsa ya kira Mujib firaministan gobe a watan Janairu 1971.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin a cikin waɗannan makonni ne aka rasa Pakistan ta farko, tun kafin sojan Indiya ko ɗaya ya tsallaka iyaka. An sa ranar 3 ga Maris domin majalisa ta zauna a Daka. Bhutto ya ce ba za shi ba sai an daidaita da shi tukuna a kan kundin tsarin mulki, aka kuma ruwaito ya yi barazanar karya ƙafar duk ɗan jam'iyyarsa da ya kuskura ya tafi, janar-janar ɗin kuwa ba su da niyyar miƙa kasafin kuɗin soja ga gwamnatin da Bangalawa ke jagoranta. A ranar 1 ga Maris aka sanar ta rediyo cewa an ɗage zaman majalisa ba tare da sa wata rana ba. A daidai lokacin ana wasan kurket a babban filin wasa na Daka, 'yan kallo da suka ji sanarwar a ƙananan rediyoyinsu suka watse daga kujeru suka kwarara kan tituna, wasan bai ƙarasa ba. Kwana shida bayan haka Mujib ya hau mumbari a filin sukuwa, inda Jinnah ya tsaya shekara 23 da suka wuce, ya yi jawabin da bai kai minti 20 ba, ya ce wa jama'a su mai da kowane gida sansani, ya kuma ce gwagwarmayar wannan karo ta neman 'yanci ce. Duk da haka bai ayyana ɓallewa a ranar ba, ya ci gaba da zama teburin sulhu da Yahya da Bhutto, alhali jiragen sama suna ta sauke sojoji daga Yamma.

A daren 25 ga Maris sojojin Janar Tikka Khan suka fito da tankoki, suka afka wa ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Daka da barikin 'yan sanda da unguwannin Hindu, aka kama Mujib aka tafi da shi Yamma. Abin da ya biyo baya cikin watanni tara ba ya daɗin faɗa. Gwamnatin Bangaladash tana cewa mutum miliyan 3 aka kashe, kwamitin Mai Shari'a Hamoodur Rahman da Pakistan ta kafa ya ce 26,000, masu bincike masu zaman kansu da yawa kuma sun tsaya a kan dubban ɗaruruwa. An yi wa mata masu ɗimbin yawa fyaɗe, kusan mutum miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya, kuma adalci ya wajabta a faɗi cewa 'yan ƙabilar Bihari masu magana da Urdu su ma an karkashe su a hannun Bangalawa. Ƙaramin jakadan Amurka a Daka, Archer Blood, da ma'aikatansa sun aika wa gwamnatinsu saƙon ƙorafi a watan Afrilu a kan shirun da ta yi, amma Shugaba Nixon da Henry Kissinger suna buƙatar Yahya a matsayin ɗan aike tsakaninsu da Sin, saboda haka aka janye jakadan daga aikinsa. Ba na musun cewa Indiya ta horar da mayaƙan neman 'yancin Bangaladash da ake kira Mukti Bahini ta ba su makamai, ko cewa Firaministar Indiya Indira Gandhi ta ga damar raunana abokiyar gabarta ta kuma yi amfani da ita bayan ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet a watan Agusta. Amma yaƙin ƙasashen biyu ya fara ne a ranar 3 ga Disamba, wata takwas bayan sojojin ƙasa sun juya bindiga kan mutanen da suka ci zaɓe, kuma kwana 13 kacal ya ɗauka domin babu ƙauyen da zai ɓoye sojan Pakistan ko ya nuna masa hanya da son ransa. A yammacin 16 ga Disamba aka kawo wani ɗan teburi aka ajiye a tsakiyar filin sukuwa, Janar Niazi na Pakistan ya zauna kusa da Janar Jagjit Singh Aurora na Indiya ya sa hannu a takardar miƙa wuya, ya cire ƙaramar bindigarsa ya miƙa, kimanin mutum 93,000, sojoji da farar hula, suka zama fursunonin yaƙi. Musulmi ne mafi yawan waɗanda suka yi ta murna a filin a wannan rana, kuma Pakistan da kanta ta amince da sabuwar ƙasar a Fabrairu 1974, lokacin taron shugabannin ƙasashen Musulmi a Lahor.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce an zalunci wasu mutane sun kuma ƙwaci kansu. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda wanda aka hana wa nasararsa ya juyo ya rufe wa wasu ƙofa cikin shekara uku. Mujib ya dawo gida a ranar 10 ga Janairu, 1972, ya tarar da ƙasa a rushe, gadoji a karye, makamai a hannun matasa. Jam'iyyarsa ta ci kujeru 293 daga 300 a zaɓen 1973, rinjayen da ba ya buƙatar ƙari, amma yunwar 1974 da cin hanci da ta'asar rundunar tsaro ta musamman da ya kafa, Rakkhi Bahini, suka zubar masa da farin jini. Maimakon ya koma ga jama'a, sai ya sa aka gyara kundin tsarin mulki a Janairu 1975, ya zama shugaban ƙasa mai cikakken iko, ya haramta dukkan jam'iyyu ban da guda ɗaya da ake kira BAKSAL, a watan Yuni kuma aka rufe jaridu aka bar huɗu kawai a ƙarƙashin gwamnati. Da asubahin 15 ga Agusta wasu hafsoshin soja suka shiga gidansa da ke titi na 32 a unguwar Dhanmondi suka kashe shi a kan matakalar bene, tare da matarsa da 'ya'yansa maza uku, har da ƙaraminsu Russel mai shekara 10. Hasina da ƙanwarta Rehana sun tsira ne domin suna Turai a lokacin. Babu abin da zai halatta wannan kisan gilla, kuma ban kawo batun jam'iyya ɗaya domin in wanke makasan ba. Na kawo shi ne domin a ga cewa ranar da aka rufe hanyar sauya shugaba cikin lumana, sai ya zama masu bindiga ne kaɗai suka rage da hanyar sauya shi, kuma su suka riƙe ƙasar shekara 15, daga Ziaur Rahman da aka kashe a Chittagong a 1981 zuwa Hussain Muhammad Ershad da bore ya kawar a Disamba 1990.

A wannan shekara ta 1975 maƙwabciyarsu Indiya ma ta shiga irin wannan jarrabawa. Bayan wata babbar kotu a Allahabad ta soke zaɓen Indira Gandhi, sai ta kafa dokar ta-ɓaci a ranar 25 ga Yuni, ta ɗaure 'yan adawa, ta sa wa jaridu takunkumi, aka yi wa talakawa aikin hana haihuwa na dole. Mulkin kama-karya ne ba ko tantama. Sai dai a farkon 1977 ta kira zaɓe, ta faɗi ƙasa warwas har ta rasa kujerarta ta Rae Bareli, ta kuma sauka ta bar wa Morarji Desai kujera ba tare da soja ya fito daga bariki ba, kuma bayan shekara uku masu zaɓen da suka kore ta suka dawo da ita. A watan Maris na 1977 ɗin nan Bhutto ma ya yi zaɓe a Pakistan, 'yan adawa suka ce an tafka maguɗi, rikici ya ɓarke, Janar Zia-ul-Haq ya kifar da shi a ranar 5 ga Yuli, aka rataye shi a ranar 4 ga Afrilu, 1979. Har zuwa yau babu firaministan Pakistan ko ɗaya da ya kammala wa'adin shekara biyar.

Hasina ta san duk wannan tarihi fiye da kowa, domin a jikinta ya faru. Ita ce ta jagoranci yajin aiki da ƙaurace wa zaɓen Fabrairu 1996 har ta tilasta wa Firaministar lokacin, Khaleda Zia, shigar da tsarin gwamnatin riƙon ƙwarya cikin kundin tsarin mulki, ta yadda mutanen da ba 'yan jam'iyya ba za su riƙe ƙasa su gudanar da zaɓe. A ƙarƙashin wannan tsari ta ci a 1996, ta faɗi a 2001, ta sake ci a 2008, wato kowane zaɓe yana sauya gwamnati. A 2011, bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli, majalisar da take da rinjaye a ciki ta soke tsarin gaba ɗaya. Zaɓen Janairu 2014 babbar jam'iyyar adawa ta Khaleda Zia, wato BNP, ta ƙaurace masa, kujeru 153 daga 300 aka ci su babu hamayya, wato an kafa rinjaye tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. A Disamba 2018 ƙawancenta ya tashi da kujeru 288, ana ta zargin an cika akwatuna tun cikin dare, a Janairu 2024 kuma aka sake yin zaɓe ba babbar jam'iyyar adawa. Ba zan tauye mata haƙƙinta ba, domin a zamaninta masaƙun tufafi sun bunƙasa, talauci ya ragu, ta gina gadar kogin Padma da kuɗin ƙasarta bayan Bankin Duniya ya janye, ta kuma buɗe iyaka ga 'yan Rohingya fiye da 700,000 da suka gudo daga Myanmar a 2017. Amma matashin da ya kai shekarun zaɓe bayan 2008 ya doshi shekara 30 bai taɓa jefa ƙuri'ar da za ta iya sauya komai ba.

Irin waɗannan matasa ne suka fito a watan Yuli 2024 bayan kotu ta dawo da kashi 30 cikin 100 na guraben aikin gwamnati da aka keɓe wa zuriyar mayaƙan 1971. Da Hasina ta yi gugar zana da kalmar Razakar, sunan 'yan sa-kai da suka taya sojojin Pakistan a lokacin yaƙi, wadda babu zagin da ya fi ta zafi a ƙasar, sai ɗalibai suka ɗauki kalmar suka mai da ita taken zanga-zanga. A ranar 16 ga Yuli a garin Rangpur wani ɗalibi mai suna Abu Sayed ya tsaya a tsakiyar titi shi kaɗai, ya ware hannuwansa biyu, da 'yar sanda a hannu ɗaya, ya buɗe ƙirjinsa ga 'yan sandan da ke gabansa, suka harbe shi kyamara tana ɗauka. Kotun Ƙoli ta rage kason zuwa kashi 5 a ranar 21 ga wata, kuma da guraben aiki ne kaɗai matsalar, da kowa ya koma gida a ranar. Babu wanda ya koma, domin a lokacin buƙata ta zama ɗaya, ta sauka. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe za su iya kai wa 1,400.

Damuwata a yanzu tana ga waɗanda suka yi nasara. Gidan Dhanmondi da aka kashe Mujib a ciki, wanda aka mai da shi gidan tarihi, an cinna masa wuta a ranar da Hasina ta gudu, aka kuma rushe shi da katafila a Fabrairu 2025. A watan Mayu na 2025 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Muhammad Yunus ta dakatar da dukkan harkokin Awami League, hukumar zaɓe kuma ta jingine rajistarta. Ina goyon bayan a gurfanar da duk wanda ya ba da umarnin harbi da wanda ya harba, a yi musu shari'a a fili, komai girman muƙaminsu. Amma jam'iyyar da aka kafa tun 1949 tana da miliyoyin magoya baya a ƙauyuka waɗanda ba su kashe kowa ba, kuma hana su abin da za su zaɓa ya yi kama ƙwarai da abin da aka yi wa iyayensu a 1954 da 1971, da abin da jam'iyyarsu ta yi wa wasu a 1975 da 2014.

Saboda haka, ya Mai Girma Edita, roƙona ga wakilanka da masu yi maka sharhi shi ne, duk sa'ad da za su kawo mana labarin zaɓe daga Daka ko Islamabad, kafin su faɗa mana wanda ya ci da yawan kujerunsa, su fara faɗa mana waɗanda aka bari suka tsaya takara, da waɗanda suke kurkuku ko gudun hijira a ranar zaɓen, da kuma wanda ya riƙe akwatunan a daren jajibiri.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum